Kwatanta manufofin gwamnati ko harkokin ƙasa da ƙasa: wanne za a zaɓa a digiri na biyu?

Wanda ya kammala digiri na farko a kimiyyar siyasa, tattalin arziki, shari'a ko tarihi, kuma yake son ya ƙaro ilimi domin ya yi aikin da ya shafi al'umma, yakan iske fannoni biyu a gabansa waɗanda daga nesa kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ɗaya shi ne nazarin manufofin gwamnati ta hanyar kwatanta ƙasashe, ɗayan kuma shi ne nazarin harkokin ƙasa da ƙasa. Abin da yake ƙara rikita mai nema shi ne jami'o'i da yawa sun haɗa su a makaranta guda. Makarantar da jami'ar Princeton ta kafa a 1930 tana ɗauke da sunayen fannonin biyu, haka ma ta jami'ar Columbia a birnin New York, kuma makarantar Hertie da ke Berlin tana ba da digiri a kowanne daga cikinsu. Amma tambayar da kowanne yake yi daban ce, sana'ar da yake koyarwa daban ce, kuma ƙofofin aikin da yake buɗewa ba ɗaya ba ne. A ganina, wanda ya zaɓa saboda daɗin suna kawai, bai duba waɗannan abubuwa ba, yana iya ɓata shekara biyu da dukiya mai yawa a kan karatun da ba shi yake bukata ba.

Za a fi ganin bambancin idan aka ɗauki matsala guda, kamar sauyin yanayi, aka miƙa wa ɗaliban biyu. Ɗalibin harkokin ƙasa da ƙasa zai so ya san abin da ya sa yarjejeniyar Kyoto ta 1997, wadda ta ɗora wa ƙasashe masu ƙarfin masana'antu kaɗai wajibcin rage hayaƙi, ba ta taɓa samun amincewar majalisar dattawan Amurka ba, da abin da ya sa yarjejeniyar Paris ta 2015 ta sauya salo, ta bar wa kowace ƙasa ta yanke wa kanta abin da za ta rage, ta kuma sabunta alƙawarinta duk bayan shekara biyar. Hankalinsa yana kan teburin shawarwari, da waɗanda suka haɗa kai, da abin da kowa ya bayar kafin ya samu. Ɗalibin kwatanta manufofi kuwa zai bar zauren taro ya shiga cikin ƙasashen kansu. Zai tambayi dalilin da ya sa harajin hayaƙin kabon da Suwidin ta kafa a 1991 ya ɗore har yau, alhali wanda Ostiraliya ta fara a 2012 an soke shi a 2014, ita kuma Faransa ta janye ƙarin harajin mai a ƙarshen 2018 bayan zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa. Zai lura cewa Suwidin ta shigar da nata harajin ne cikin wani babban gyaran fuska da ya rage wa mutane harajin kuɗin shiga, daga nan sai ya nemi sanin ko wannan ne ya sa jama'a suka haƙura da shi, ko kuwa akwai wani dalili da ya fi shi ƙarfi.

Wannan rabuwa tana da asali. Fannin harkokin ƙasa da ƙasa ya fito ne daga ɓarnar Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1919 aka kafa kujerar farfesa ta farko a wannan fanni a Aberystwyth da ke yankin Wales, a shekarar ne kuma jami'ar Georgetown ta buɗe makarantar horar da ma'aikatan harkokin waje a Washington. Cibiyar nazari ta Janeba ta biyo baya a 1927, makarantar Fletcher ta jami'ar Tufts da ke Amurka a 1933, sai makarantar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa ta SAIS da ke Washington a 1943. Damuwar waɗanda suka kafa su ita ce yaƙi da zaman lafiya, da yadda ƙasashe za su zauna da juna alhali babu wata hukuma a bisa kansu. Nazarin manufofin gwamnati kuwa ya tsiro ne daga bukatar horar da masu gudanar da mulki a cikin gida, kamar yadda makarantar Maxwell ta jami'ar Syracuse da ke Amurka ta fara a 1924, da makarantar da Harvard ta buɗe a 1936 wadda daga baya, a 1966, aka sa mata sunan Kennedy. Har yau kowanne yana ɗauke da gadonsa: na farko ya fi jingina ga tarihi, shari'a da nazarin iko, na biyu ya fi jingina ga tattalin arziki da ƙididdiga.

Abin da ɗalibin kwatanta manufofi yake koya a zahiri shi ne yadda ake gane ko wata manufa ce ta haifar da wani sakamako, ko kuwa haɗuwa kawai suka yi. Tun da ba a iya ɗaukar ƙasa a kai ta ɗakin gwaji, kwatantawa ce take tsayawa a madadin gwajin. Misalin da ake yawan koyarwa shi ne binciken David Card da Alan Krueger. A watan Afrilun 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 4.25 zuwa dala 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania kuwa ba ta ɗaga ba. Masanan biyu suka bi gidajen sayar da abinci na ɓangarorin biyu, kafin ƙarin da bayansa, suka auna canjin yawan ma'aikata a New Jersey, suka cire canjin da aka samu a Pennsylvania, domin abin da ya rage shi ne abin da za a iya danganta wa ƙarin albashin. Ba su ga raguwar ayyukan yi da aka yi hasashe ba. An daɗe ana muhawara a kan sakamakon, amma dabarar ta zama abin da kowane ɗalibin fannin yake koya da hannunsa, kuma Card yana cikin waɗanda suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2021. Haka shirin Progresa na Meziko, wanda aka fara a 1997, inda aka riƙa ba iyalai matalauta kuɗi bisa sharaɗin 'ya'yansu su je makaranta kuma a kai su asibiti. Saboda an zaɓi ƙauyukan da za su fara amfana ta hanyar ƙuri'a, sauran suka jira zuwa wani lokaci, an samu damar auna tasirinsa da tabbaci, kuma wannan shaida tana cikin abin da ya sa ƙasashe da dama suka rungumi irin tsarin.

Sai dai fannin bai tsaya ga lissafi ba, kuma a nan ne kalmar kwatantawa take da nauyinta. Ɗalibi zai karanta yadda Jamus ta gina inshorar lafiya tun 1883 a zamanin Bismarck bisa gudummawar ma'aikaci da mai ba shi aiki, da yadda Birtaniya ta bi wata hanya dabam a 1948 ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa da ake ɗaukar nauyinta da haraji. Zai haɗu da rabe-raben Gøsta Esping-Andersen na 1990, wanda ya kasa tsarin jin daɗin jama'a na ƙasashe masu arziki gida uku: masu dogara ga kasuwa kamar Amurka, masu dogara ga sana'a da iyali kamar Jamus, da masu bai wa kowa da kowa kamar Suwidin. Darasi mafi amfani a cikin wannan karatu, a wurina, shi ne na haɗarin aro. A 1981 ƙasar Chile ta mayar da fansho asusun kowane ma'aikaci na kansa a hannun kamfanoni masu zaman kansu, kuma bayan Bankin Duniya ya yaba irin wannan tsari a wani rahoto na 1994, ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Ajantina ta ɗauka a 1994 ta soke a 2008, Hangare ta ɗauka a 1998 ta warware shi daga 2010. Babbar matsalar ita ce, da zarar gudummawar matasa ta koma asusunsu, dole gwamnati ta nemo wani kuɗi ta ci gaba da biyan tsofaffin da suka riga suka yi ritaya, kuma ba kowace baitulmali ce take iya ɗaukar wannan nauyi na shekaru ba. Ita kanta Chile sai da ta ƙara wani tallafi daga aljihun gwamnati a 2008 domin waɗanda asusunsu bai tara abin kirki ba. Wanda ya yi wannan karatu da kyau, idan aka ce masa wata ƙasa ta yi abu kaza ta ci nasara, tambayarsa ta farko ita ce me ke akwai a can wanda babu shi a nan.

Fannin yana da rauninsa, kuma ya kamata mai nema ya sani tun da wuri. Yawancin ka'idojinsa an gina su ne a kan ƙasashen Yammacin Turai da Arewacin Amurka, domin su ne suke da alƙaluma masu tsawon tarihi, musamman waɗanda ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, take tattarawa tun kafuwarta a 1961. Ɗalibin da yake son ya yi aiki a ƙasar da mafi yawan mutanenta ba su cikin rajistar albashi ko ta haraji zai ga cewa rabe-raben da aka koya masa ba su zauna daidai ba, don haka sai ya nemi makarantar da take da malaman da suka yi bincike a irin waɗannan ƙasashe. Akwai kuma wata illa da ƙwarewar lissafi take jawowa, wato mutum ya ɗauka cewa da zarar ya nuna wa shugabanni alƙaluma masu kyau shi ke nan, ya manta cewa kowace manufa tana da masu cin riba da masu asara, kuma masu asarar ba za su naɗe hannu ba.

Karatun harkokin ƙasa da ƙasa ya fi faɗi, kuma ya fi dogara ga karatu mai yawa da iya rubutu da magana. A zangon farko ɗalibi yakan haɗu da manyan mazhabobin fannin: masu ganin cewa ƙasashe ƙarfi da tsaron kansu kawai suke nema, irin su Hans Morgenthau da Kenneth Waltz, da masu ganin cewa cinikayya da hukumomin haɗin gwiwa suna iya rage gaba, irin su Robert Keohane da Joseph Nye, da masu ganin cewa abin da ƙasa take ɗauka maslaharta ne yana canzawa da akida da yadda take kallon kanta, irin su Alexander Wendt. Daga nan sai dokokin ƙasa da ƙasa, kamar yarjejeniyar Vienna ta 1961 da ta tsara kariyar jami'an diflomasiyya, da tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya da Kwamitin Tsaronta mai kujeru 15, biyar daga ciki na dindindin masu ikon hawa kujerar naƙi, da cinikayya a ƙarƙashin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da aka kafa a 1995. Rikicin makamai masu linzami na Kuba na 1962 tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat ba ya rasa shiga manhaja, domin masanin siyasa Graham Allison ya yi amfani da shi ya nuna cewa abin da ake kira shawarar ƙasa sau da yawa sakamakon ja-in-ja ne tsakanin ma'aikatu da ɗabi'un hukumomi, ba tunanin mutum ɗaya mai hankali ba. Makarantu da yawa sukan sa ɗalibai su kwaikwayi zaman sulhu, kowa ya wakilci wata ƙasa da umarnin da ba zai ƙetare ba, kuma wanda ya zauna irin wannan zama yakan gane cewa kalma guda a daftarin sanarwa tana iya cinye dare sukutum.

Ƙarfin wannan fanni shi ne yana koya wa mutum ya kalli lamari da idon wanda ba ɗan ƙasarsa ba, ya kuma yanke hukunci a inda babu alƙaluma, domin ba a maimaita yaƙi ko juyin mulki don a auna shi. Rauninsa kuma daga faɗinsa ya fito. Ɗalibi yana iya ɗaukar darasi ɗaya a kan tsaro, ɗaya a kan 'yan gudun hijira, ɗaya a kan makamashi, ɗaya a kan yankin Asiya, ya fito yana iya tattauna komai amma babu aikin da za a ce shi ne gwaninsa. Waɗanda suka fi cin moriyar wannan digiri su ne waɗanda suka haɗa shi da abu biyu: yanki guda na duniya da suka sani sosai, da harshen waje da suka iya har su karanta jarida su yi muhawara da shi. Shi ya sa manyan makarantun fannin da dama suke gindaya sharaɗin cin jarrabawar harshe kafin a kammala. Harsunan hukuma na Majalisar Ɗinkin Duniya shida ne, wato Larabci, Sinanci, Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci, kuma wanda ya iya biyu daga ciki yana gaba da wanda ya iya ɗaya, ko da takardar shaidarsu iri ɗaya ce.

Batun aikin yi shi ne inda ya kamata a fi yin tsanaki, domin a nan ne mafarki yake yawan cin karo da ƙa'ida. Aikin jakadanci na kowace ƙasa na 'yan ƙasarta ne, kuma galibi ana shigarsa ne ta jarrabawar ma'aikatar harkokin waje, don haka digiri daga Washington ko Paris ba zai sa wata ƙasa ta ɗauki baƙo jakada ba. Ayyukan tsaro da leƙen asiri su ma suna bukatar tantancewar da ba a yi wa baƙi. Shirin ɗaukar matasa na Majalisar Ɗinkin Duniya yana karɓar waɗanda ba su haura shekara 32 ba, daga ƙasashen da ba su da isassun ma'aikata a majalisar, jerin ƙasashen yana canzawa shekara-shekara, kuma digiri na farko ya isa a zauna jarrabawarsa. Wata ƙofar, ta ƙananan jami'ai, gwamnatoci ne suke biyan kuɗinta, kuma mafi yawansu 'yan ƙasarsu suke turawa. Wannan ba ya nufin hanyar a rufe take, akwai ƙungiyoyin agaji, da hukumomin yankuna, da kafofin yaɗa labarai, da kamfanonin da suke nazarin haɗarin siyasa ga masu zuba jari, amma ƙofofin ƙunci gare su kuma masu nema suna da yawa. Mai digirin manufofin gwamnati kuwa kasuwarsa ta fi yalwa ko da ba ta kai waccan ƙyalli ba: ma'aikatun kuɗi, lafiya da ilimi, ofisoshin kasafi da na ƙididdiga, manyan bankunan ƙasa, majalisun dokoki, cibiyoyin bincike, da hukumomin da suke auna tasirin shirye-shirye. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, hatta a Bankin Duniya da OECD da Hukumar Lafiya ta Duniya, babban kaso na aikin ƙwararru aikin kwatanta manufofi ne, domin abin da suke yi kullum shi ne duba tsarin haraji, makarantu ko asibitocin ƙasashe su ba da shawara.

Tsawon karatu da wurinsa ma suna shiga lissafi. A Birtaniya yawancin digiri na biyu shekara ɗaya ne, ciki har da na makarantar Blavatnik ta Oxford, wanda ya rage kuɗi amma bai bar lokaci mai yawa ga wanda zai fara koyon ƙididdiga ko sabon harshe daga tushe ba. A Amurka da yawancin ƙasashen Tarayyar Turai shekara biyu ake yi, da hutun tsakiya da ake amfani da shi wajen sanin makamar aiki. Ga ɗalibin harkokin ƙasa da ƙasa, birnin da makarantar take kusan rabin karatun ne, domin zama a Janeba, New York, Washington ko Brussels yana nufin kusanci da ofisoshin da yake son shiga, sai dai waɗannan birane ne masu tsadar rayuwa. Ɗalibin manufofi bai dogara ga birni haka ba, abin da ya fi bukata shi ne malaman da suka iya koyar da hanyoyin bincike. Tallafin karatu kuma yana zuwa da sharuɗɗa da suke iya yanke hukuncin da kansu: Chevening na Birtaniya yana neman gogewar aiki ta shekara biyu da alƙawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu, shirin Helmut Schmidt na hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, DAAD, kuwa an ware shi ne musamman ga karatun manufofin gwamnati da kyakkyawan shugabanci.

Wanda yake da niyyar zarcewa digiri na uku sai ya ƙara lura da wani abu. Yawancin waɗannan digirori na horar da ma'aikata ne, ana kammala su da aikin rukuni da ake yi wa wata hukuma ko da takardar shawara ga mai yanke hukunci. Mai son zama malamin jami'a ya fi bukatar wanda ake rubuta cikakken kundin bincike a ƙarƙashin mai dubawa, ko a wane fanni ne daga cikin biyun.

Ba a raba fannonin da katanga ba. Robert Putnam ya nuna a 1988 cewa mai shawarwari a madadin ƙasa yana fuskantar teburi biyu a lokaci guda, na waje da na gida, kuma yarjejeniyar da ba za ta wuce majalisar gida ba ba ta da amfani komai kyanta, kamar yadda ya faru da shugaban Amurka Woodrow Wilson lokacin da majalisar dattawan ƙasarsa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Versailles ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Saboda haka kowane ɗalibi yana bukatar wani abu daga ɗaya fannin. Tambayar ita ce wanne zai zama ginshiƙi, kuma amsarta tana cikin jerin darussan dole, ba cikin sunan digirin ba. Akwai digirin harkokin ƙasa da ƙasa, irin na SAIS, da ya yi suna wajen matsa wa ɗalibai karatun tattalin arziki, akwai kuma digirin manufofi da darasin ƙididdiga ɗaya tal yake da shi. Mai nema ya buɗe manhajar ya ƙirga darussan tattalin arziki da hanyoyin bincike, ya duba ko ana koyar da aiki da manhajojin kwamfuta na ƙididdiga irin su R ko Stata, ya duba ko harshe sharaɗi ne, sannan ya nemi rahoton inda ɗaliban shekarun baya suka samu aiki, musamman waɗanda suka zo daga ƙasashen waje kamarsa.

Ra'ayina shi ne, wanda ya riga ya shiga ma'aikatar harkokin waje ko yake shirin jarrabawarta, da wanda ya yi aikin agaji ko aikin jarida a wuraren rikici, da wanda yake da harshe na biyu mai ƙarfi da yankin da ya ƙudura zai ƙware a kai, harkokin ƙasa da ƙasa ne nasa, kuma bai kamata ya bari tsoron ƙuncin kasuwa ya karkatar da shi ba. Wanda zuciyarsa take kan makarantu, asibitoci, haraji, fansho ko samar da aikin yi, ko da yana fatan wata rana ya yi aiki a hukumar duniya, kwatanta manufofi ne zai fi kai shi. Wanda kuma har yanzu bai tsayar da shawara ba, na fi ba shi shawarar ya ɗauki manufofin gwamnati a makarantar da take da fannonin biyu, ya cike darussan zaɓi da dokokin ƙasa da ƙasa da dabarun shawarwari. Dalilina shi ne mai himma yana iya karanta tarihin diflomasiyya da mazhabobin fannin shi kaɗai bayan ya kama aiki, amma ƙididdiga da auna tasiri suna bukatar malami, da aikin gida na mako-mako, da wanda zai duba ya nuna masa inda ya yi kuskure.